Injin Awon Jinin Dokta

An karɓe makullin motar koyarwa daga hannun matar da ake kira Anti Taifis a makon da ta ci jarrabawar zama malamar tuƙi. Ba ta buge kowa ba, ba ta goga motar a jikin komai ba. Wani ne ya buga waya makarantar ya ce tana da hawan jini mai tsanani, kuma jiri kan ɗebe ta ba zato. Bai ɓoye kansa ba. Mijinta ne.

Matar ta haura shekara arba'in. Kusan rabin rayuwarta ta yi shi a ɗakin buga takardu na wata ma'aikata, ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, inda ta fara da tafireta ta ƙare da kwamfuta. A nan sunan Taifis, wato mai buga tafireta, ya kama ta. Da kowane ma'aikaci ya koyi buga takardarsa da kansa, sai aikin ya ƙafe. Ba a kore ta ba. An bar ta da tebur da kujera, ta zo da safe, ta kunna kwamfuta, ta jira azahar.

Mijin yana da kemis a bakin titi. Bai yi karatun likita ba, amma unguwa ta sa masa Dokta, shi ma ya karɓa. Mahaifiyarsa, Inna, tana kwance a ɗakin da ke kusa da kicin tun da ɓarin jikinta ya shanye. Da safe wata mai aiki ke zama da ita, da azahar ta tafi. Daga nan wanka, da canjin shimfiɗa, da juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, da ba ta abinci a cokali, duk na Anti Taifis ne. Aikin ofis ɗin ya dace da wannan tsari kamar an auna. Koyar da tuƙi bai dace ba, domin matan da ke koyon mota da yamma suke samun sarari, sai ranakun hutu.

Ranar da ta faɗi niyyarta, yayar Dokta ta zo duba Inna, suna falo suna shan shayi.

"Mota?" in ji Yaya. "Amaryarmu za ta koma tasha. A saya miki usur ko?"

"Ba haya zan yi ba, Yaya. Koyarwa zan yi. Akwai makarantar da ke neman malamai mata."

"Ke da kika taɓa kwashe mana ƙofar gida da ribas?"

"Wannan ai tun ina goyon babbar yarinyata."

"Ƙofar dai har yau a karkace take."

Dokta bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ni ba na cikin mazan da ke danne mace," ya ce. "Ki yi abin da kike so. Amma ran 'ya'yan mutane za a ba ki. Bari mu fara ganin lafiyarki."

Ya shiga ɗaki ya fito da injin awon jini, irin mai batir. Ya naɗa mata maɗaurin a damtse, ya danna. Maɗaurin ya kumbura, ya matse, ya saki. Injin yana kan cinyarsa, fuskarsa tana kallon Dokta. Ya dubi lambar, ya ja numfashi ta hanci.

"Nawa ne?"

"Ba a nuna wa mai shi. In kika gani, tsoro zai ƙara ɗaga shi."

"Ya hau ne?"

"Ba laifi. Za mu shawo kansa."

Washegari ya kawo ƙwayoyi a 'yar farar leda, babu kwali, babu rubutu. Ɗaya kowace safiya, bayan awo. Ba ta tambayi sunan maganin ba. Tun da suka yi aure, duk abin da ta sha na zazzaɓi ko na tari daga hannunsa ya fito, kuma a irin ledar nan.

Ta ɗauki hutun shekara ta fara horo. Makarantar fili ne mai shinge, da durom-durom da aka jera a matsayin kwana, da rumfa inda ɗalibai ke jira. Mai makarantar wata gajeruwar mace ce mai kakkausar murya da ɗalibai ke kira Hajiya Birki a bayan idonta, a gaban idonta ma. Motar koyarwa birki biyu gare ta: na direba, da wani a gaban kujerar gefe.

"Shiga can," in ji Hajiya Birki. "Kujerar mai zaman banza. Daga yau nan ne ofishinki. Ni ce ɗaliba, yau na fara ganin sitiyari."

Ta tayar da motar da gangan tana fizga. Kafin su kai durom na farko Anti Taifis ta taka birkinta. Motar ta tsaya cak.

"Me kika gani?"

"Durom ɗin."

"Durom ɗin yana can, mu muna nan. Ko gaisuwa za ki aika masa?"

Suka sake. Ta sake takawa. Sau nawa suka yi ranar, ita ma ba ta sani ba. A ƙarshe Hajiya Birki ta kashe motar.

"Ki ji. Ƙafarki za ta tsaya a saman birkin nan, ba ta taɓa shi ba, ba ta bar shi ba. Bakinki ne zai yi aiki. In kika riƙa taka wa ɗaliba, za ta kammala, ta sami lasisi, ba ta san inda mota ke tsayawa ba. Ranar da ba kya ciki sai ta jira ƙafarki."

A cikin makon farko jirin ya fara. Ba a mota ba, a zaune ba ta jin komai sai nauyin kai. In ta miƙe ne ɗakin ke yin duhu daga gefe, kunnenta ya yi shuu, sai ta dafa bango ta jira. Ta faɗa wa Dokta.

"Shi ne abin da nake gudu," ya ce. "Alamarsa ke nan. Kada ki yi wasa da maganin."

Ta ci gaba da sha. Ta fara tashi daga kujera a hankali kamar mai ciki wata tara. Ta daina ɗaukar bokiti cike. A makaranta ba ta faɗa wa kowa ba. In an ce ta fito daga mota, sai ta yi kamar tana neman wani abu a jaka har idonta ya washe. Ƙafarta kuwa ta ƙara saurin sauka a kan birki. Duk mai babur da ya gifta a nesa, sai ta ga kanta a sume, motar tana tafiya da 'yar mutane.

Wata Asabar ta gama yi wa Inna wanka a durƙushe, ta miƙe da roba a hannu. Ta farka a ƙofar banɗaki, zaninta a jiƙe, Yaya tana tsaye a kanta da waya a kunne.

"Wallahi a gabana," Yaya take cewa. "Kamar an sare ta. Ita ce kuma za ta koya wa mutane mota."

Kafin la'asar dangi sun ji. Aka yi ta kira ana mata sannu. Wata ƙanwar mahaifiyarta ta roƙe ta da girman Allah ta haƙura da motar nan. 'Yarta ta kira daga makarantar kwana tana kuka. Dokta ya zauna a bakin gado ya ɗaura mata maɗaurin, ya dubi lambar. Ya shafa kanta.

"Ban hana ki ba," ya ce. "Ki shaida ban hana ki ba."

Ranar Litinin ta sami Hajiya Birki a rumfa tana cin gyaɗa.

"Hajiya, ina ga aikin nan ba nawa ba ne."

"Wa ya ce?"

"Ni na gani. Na girma. Hannuna ya saba da tebur."

"Ni ɗinkin labule nake yi kafin nan. Ranar da na fara ɗaukar ɗaliba sai da na yi amai a bayan rumfar nan." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Jarrabawa mako mai zuwa ce, an riga an sa ki. In za ki faɗi, ki zo ki faɗi a gaban mai jarrabawa. Ba na karɓar faɗuwar da aka yi a gida."

Anti Taifis ta ɗauki jakarta. Ta koma gida ta juya Inna.

A makon ne Dokta ya yi tafiyar sarin magani. Ya kulle injin a kemis, ya bar mata ledar ƙwayoyi a kan firji. Mai aiki tana goge-goge ta ga 'yar leda babu rubutu, ta haɗa da shara. Anti Taifis ta zazzage kwandon, an riga an kwashe. Ta ɗauki waya za ta kira shi, ta tuna yadda zai yi shiru a ɗaya ɓangaren, ta ajiye. Ta yanke ta jira abin da zai faru. Ta nuna wa mai aiki inda lambar Yaya take, ko da za a same ta a ƙasa.

Ba a same ta a ƙasa ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, ta miƙe daga gaban Inna da roba cike, ta tsaya tana jiran duhun. Bai zo ba. Ta kai robar banɗaki ta dawo. Ta ɗauka ciwon ne ya lafa kafin ya dawo da ƙarfi.

Mai jarrabawar dattijo ne mai tabarau. Ya zauna a kujerar direba ya ce shi sabon ɗalibi ne, kuma mai taurin kai. Suka fita titi. Ya manta sigina, ta tuna masa. Ya matsa kusa da kwata, ta ce ya dubi madubin gefe ya gyara hannunsa. A shataletale ya shiga da gudu. Ƙafarta tana saman birkin, ta ce, "Malam, sassauta totur, mai tipar nan ya riga mu," ya sassauta. Sau ɗaya ta taka, lokacin da wani mai babur ya yanko daga lungu ba tare da ya duba ba, kuma dattijon ya yi kamar bai gan shi ba. Motar ta tsaya. Ya cire tabarau ya goge.

"Mu koma," ya ce.

Ta ci. Hajiya Birki ta ciro makulli daga jikin ƙusa a bangon ofis ta ajiye mata a tafin hannu: farar motar da ke ƙarshen layi, da ɗalibai mata da za su fara a sabon wata. A ranar Anti Taifis ta biya ma'aikatarsu ta ajiye aiki. Shugaban sashen ya ce Allah ya sa alheri, ya tambaye ta ko za ta bar musu makullin ɗakin.

Dokta ya dawo ya tarar da makullin mota a kan firji, inda ya bar leda. Ya saurari labarin jarrabawar har ƙarshe. Da ya ji na ledar, ya tashi ya tafi kemis ya ɗauko injin.

"Kin ga abin da kika jawo?" ya ce, idonsa a kan lambar. "Ya haye inda bai taɓa zuwa ba. Daga yau biyu za ki riƙa sha."

Ta sha biyu. Washegari ta faɗi a kicin. A ranar ya kira makarantar.

Hajiya Birki ba ta yi dogon bayani ba. Ta miƙa hannu, Anti Taifis ta sa mata makullin.

"Ban gaskata shi ba, ban ƙaryata shi ba," ta ce. "Amma ya kira ni, ya kira kamfanin inshorar motocinmu. Yanzu ba a hannuna kaɗai maganar take ba. Me ya sa ba ki faɗa min kina jiri ba?"

"Na ji tsoro."

"Wane likita ne ya duba ki?"

"Shi."

Hajiya Birki ta miƙe.

"Shiga mota. Ni zan tuƙa."

A asibiti wata nas ta naɗa mata maɗauri, ta ajiye injin a kan tebur tsakaninsu, fuskarsa a buɗe. Wannan ne karo na farko da Anti Taifis ta ga lambar jininta tana sauka a gaban idonta. Ba ta san ma'anarta ba.

"Anti, ai naki ƙasa ya yi," in ji nas ɗin. "Da ƙafarki kika shigo? Me kike sha?"

Tana da ƙwayoyin ranar a jaka, ba ta sha ba saboda ta bar gida da wuri. Likita ya juya ɗaya a yatsansa, ya ce maganin hawan jini ne mai ƙarfi. Ya ce in mai lafiya ya sha, jininsa zai sauka, ya yi jiri in ya miƙe, ya faɗi. Ya ce ta daina, ta riƙa zuwa awo. Ta yi ta zuwa. Kowane zuwa, jininta daidai.

Ta bari sai da Yaya ta zo, sannan ta ajiye ƙwayoyin a kan teburin falo ta faɗi abin da likita ya ce. Ba ta ɗaga murya ba.

"Injinan asibiti duk sun tsufa," in ji Dokta. "Kowa ya sani."

"Inji uku aka gwada."

"To maganin ne ya riga ya yi aiki. Da ban tare shi da wuri ba, da yanzu wata magana ake."

"Ranar farko nawa ka gani?"

"Zan riƙe lambar kowa a kaina ne? Mutum nawa nake aunawa a rana?"

"Ya hau ko bai hau ba?"

"Yana bakin hawa. A danginku akwai shi, babanki da shi ya rasu. Rigakafi na yi miki."

"Sau biyu na faɗi, Dokta."

"A gida kika faɗi. Da a titi ne fa?"

Yaya ta gyara zama. "Amarya, ki bar tone-tone. Mutum ya yi don lafiyarki. Wasu matan neman mai kula da su suke yi, ke an kula da ke kina tuhuma."

"Yaya, kin sani?"

"Ni me na sani? Ni likita ce?"

Dokta ya tattara ƙwayoyin ya zuba a aljihu. Ya yi magana yana kallon tebur.

"To mu ce na yi kuskure. Ki faɗa min, in kina titi daga la'asar zuwa magariba, wa zai juya Inna? Mai aiki ba ta kai yamma. Ni ina kemis. Baƙuwa ba za ta ga tsiraicin uwata ba."

"Yaya 'yarta ce."

"Ni ina da gidana," in ji Yaya. "Bayana ma ba ya ɗaukar nauyi, shi ya sani, shi ke ba ni magani."

"Da ka tambaye ni," Anti Taifis ta ce wa mijinta, "da mun zauna mun raba."

"Da na tambaye ki, da kin ce na danne ki."

Daga ɗakin kusa da kicin Inna ta yi kira, da harshenta mai nauyi. Ruwa take so. Ɗanta da 'yarta suka juyo suka dubi Anti Taifis. Ta tashi, ba ta dafa komai ba, ta kai ruwan.

Sakamakon asibiti ya isa makarantar. Hajiya Birki ta kai shi kamfanin inshora da kanta. Suka ce sun gani, amma rahoto ya zo daga wanda ke kwana gida ɗaya da ita, ya ce ya ga faɗuwarta da idonsa, kuma faɗuwar ta faru. Hanya biyu suka bayar: ko ya zo da kansa ya faɗi abin da ya ba ta, ya janye maganarsa, ko ta shekara tana awo kafin su sake dubawa. Ba za su karɓi dalilin faɗuwar ba sai daga bakinsa.

Dokta ya ce zai duba. Ya ce in ya je ya ce ya ba mai lafiya maganin hawan jini, lasisin kemis ɗinsa na iya shiga matsala, kuma daga kemis ɗin ake ci a gidan. Ya ce ta yi haƙuri, shekara ba nisa. Ya ce ko zai yi magana a ma'aikatarsu a mayar da ita. An riga an fitar da teburinta; ɗakin ya zama ma'ajiyar tsofaffin kujeru.

Babu wanda ya kai ƙara. Dangin da suka kira suna mata sannu ba su sake kira ba. Waɗanda suka ji labarin ƙwayoyin sun ce maganar miji da mata ce. Unguwa tana ci gaba da kiransa Dokta, ana ci gaba da miƙa masa damtse a kemis, injin a kan cinyarsa. A gida ma yakan fito da shi da safe. Ita ba ta ƙara miƙa hannu ba, sai ya auna nasa ya mayar cikin kwali.

Kowace safiya tana zuwa makarantar. Ba ta da izinin zama a kujerar gaba, don haka takan zauna a baya tana kallon wata malama tana koyar da ɗalibai kaɗan da ke zuwa da safe, ƙafarta ta dama a ɗage kaɗan daga ƙasan motar. Da azahar ta koma ta karɓi mai aiki. Jiri bai sake ɗibar ta ba.

Makullin farar motar yana jikin ƙusa. Hajiya Birki ta ce ba za ta iya ajiye mota a fake ba bayan sabbin ɗalibai sun fara. In wata ya kama babu labari, za ta ba wani. Ofishin kamfanin inshorar yana kan titin da Dokta ke bi zuwa kemis. Har zuwa jiya bai tsaya ba.